Datsar iccen zogala a garka: yaushe, kuma ta yaya?

Jama'a masu saurarenmu a Bazaga da kewaye, da ƴan uwa da ke ci-rani, ga bayani kan datsar zogala, wadda wasu ke kira tamaka.

Asalin iccen daga ƙasar Indiya yake, kuma saurin girma gare shi. In an bar shi, sai ya miƙe sama sambal, ya wuce mita 3 cikin shekara guda, ganye kaɗan can bisa inda hannu bai kai. Datsa ita ke sa shi ya yi rassa, ganye ya yawaita.

Datsar farko: in ƙaramin icce ya kai kamar santimita 60, wato ya ɗara gwiwa, a tsinke kan tohonsa da yatsu. Rassan da suka fito su ma a rage musu kai.

Tsohon icce kuwa, a sare shi daidai ƙugu, wajen mita 1 daga ƙasa. A sa adda mai kaifi, a yi saran a karkace don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da shi.

Lokacin ɗari zogala ba ta saurin toho. Gara a jira zafi ya fara in akwai ban ruwa. In babu, sai gab da damina. Bayan sara a zuba taki, a tsare awaki da shinge.

Kada a yar da rassa masu kauri: in an dasa su, suna kamawa. Ganyen kuma a shanya shi a inuwa, ko don miya ko don kasuwar Ƙonni.