Hukuncin da Ake Yankewa Kafin Zaman Kotu: Matasan Falasɗinu a Hannun Shari'ar Soji

Tun daga watan Yunin 1967, lokacin da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Kogin Jordan, Falasɗinawan yankin suke rayuwa ƙarƙashin dokar soji, wato umarnin da kwamandan rundunar da ke riƙe da yankin yake fitarwa, wanda ake zartarwa a kotunan da alƙalansu da masu gabatar da ƙararsu duk jami'an soji ne. Wannan doka tana hawa kan yaro da zarar ya cika shekara 12, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin yara sun daɗe suna ƙiyasta cewa yara 500 zuwa 700 ake gurfanarwa a kowace shekara, akasarinsu maza, kuma tuhumar da ta fi yawa ita ce jifa da duwatsu. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, makomar irin wannan yaro tana yankuwa ne a sa'o'in da ke tsakanin kama shi da sa hannunsa a takardar bayani, ta yadda zaman kotun da ke biyo baya ba ya wuce tabbatar da abin da aka riga aka gama.

Wajibi ne a fara da hujjar hukumomin Isra'ila, domin ba ta rasa tushe ba. Sashe na 66 na Yarjejeniyar Geneva ta Huɗu ta 1949 ya halatta wa ƙasar da ta mamaye wani yanki ta kafa kotunan soji a cikinsa, sannan dutsen da aka jefa wa mota mai gudu yana kisa, kamar yadda ya faru a 2011 kusa da Hebron, inda wani Ba'isra'ile da jaririnsa suka mutu. A kan haka ne Umarnin Soji mai lamba 1651 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya jefi mutum ko dukiya, da shekara 20 ga wanda ya jefi mota mai tafiya da niyyar cutarwa. Sai dai yarjejeniyar da ta ba da wannan izini ta ɗauki mamaya a matsayin hali na wucin gadi, alhali wannan ta haura shekara hamsin, kuma sashenta na 76 ya ce a tsare mutanen yankin da aka mamaye a cikin yankinsu, amma ana kai yara da dama kurkukun Megiddo da Damon da ke cikin Isra'ila, inda ko kafin Oktoban 2023 iyaye ba sa iya ziyara sai da takardar izini. Haka kuma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Isra'ila ta amince da ita a 1991, ta ce tsare yaro ya zama mataki na ƙarshe kuma na mafi ƙarancin lokaci.

Rahoton da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a watan Maris na 2013 ya bi sawun yadda kamen yake gudana, ya kuma kammala da cewa musguna wa yaran ya zama ruwan dare kuma ya samu gindin zama a cikin tsarin. Sau da yawa sojoji kan zo gida a tsakar dare, su tafi da yaro ba tare da sun faɗa wa iyayensa inda za a kai shi ba, a ɗaure masa hannu da igiyar roba, a rufe masa ido, ya isa ofishin bincike da safe bai yi barci ba. A can ake yi masa tambayoyi ba uba ba lauya a cikin ɗakin, wani lokaci ba a sanar da shi yadda ya kamata cewa yana da haƙƙin yin shiru ba, a ƙarshe kuma a miƙa masa takarda ya sa hannu, wadda a lokuta da dama da Ibrananci aka rubuta ta, harshen da ba ya karantawa. Babu wani masanin shari'a mai adalci da zai ɗauki bayanin da aka samu daga ɗan shekara 14 a wannan hali a matsayin magana ta son rai, amma wannan bayani, tare da na wasu yaran da suka ambaci sunansa a irin halin, shi ne ginshiƙin ƙarar.

Daga nan sai wani mataki da ba a cika lura da shi ba ya rufe sauran ƙofa, wato tsarewa har zuwa ƙarshen shari'a. Kotunan Ofer, kusa da Ramallah, da Salem, kusa da Jenin, ba kasafai suke ba da beli ba, saboda haka yaron da ya dage a kan cewa bai yi laifi ba zai iya shafe watanni a tsare yana jiran shaidu, har ya zarce wa'adin da za a yanke masa da ya amsa. Lauya mai tausayin wanda yake karewa ba shi da shawarar da ta wuce a yi cinikin amsa laifi, wato yaro ya amsa tuhuma a rage masa hukunci. Alƙaluman da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Isra'ila, B'Tselem, ta tattara sun nuna cewa cikin yara 835 da aka yi wa shari'ar jifa daga 2005 zuwa 2010, ɗaya tak aka wanke. Ko Ahed Tamimi ta ƙauyen Nabi Saleh, wadda aka kama a Disambar 2017 tana da shekara 16 bayan ta mari soja, duniya kuma ta zuba ido a kan shari'arta, ta hanyar wannan ciniki ta karɓi ɗaurin wata takwas.

An yi gyare-gyare, kuma bai dace a yi musun su ba. A 2009 aka kafa kotun soji ta yara, a 2011 aka ɗaga shekarun girma a gaban kotun daga 16 zuwa 18, a 2013 aka rage lokacin da za a riƙe yaro kafin ya ga alƙali, a 2014 kuma aka gwada aika sammaci maimakon kamen dare. Amma yawancin waɗannan sun taɓa zauren kotu ne, ɗakin bincike da batun beli kuwa sun kusan zama yadda suke. Girman matsalar yana fitowa fili idan aka dubi ɗan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna da ke zaune a tudun da ke kallon ƙauyen Falasɗinawa: idan shi ya yi jifa, dokar farar hula ta Isra'ila ce take hawa kansa, wadda ta taƙaita yi wa yara tambayoyi da dare, ta ba iyaye damar halarta, ta kuma gaggauta kai shi gaban alƙali. Ƙasa ɗaya ce, laifi ɗaya, hukuma ɗaya, abin da ya raba su shi ne asali, kuma wannan ya nuna cewa hukumar ta san kariyar da ta dace da yaro, tunda tana ba wa nata.

Akwai kuma tsarewar da ba ta buƙatar tuhuma kwata-kwata, inda kwamandan soji yake ba da umarnin riƙe mutum har wata shida bisa bayanan sirri da shi da lauyansa ba sa gani, kuma ana iya sabunta umarnin ba iyaka. A da, yaran da ake riƙewa ta wannan hanya ƙalilan ne, amma bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 7 ga Oktoban 2023 adadinsu ya ƙaru ƙwarai, aka dakatar da ziyarar iyali, aka kuma hana Ƙungiyar Red Cross shiga gidajen yarin. A musayar fursunonin da aka yi lokacin tsagaita wutar Nuwambar 2023, Isra'ila ta saki Falasɗinawa 240, mata da matasa, kuma da yawa daga cikinsu ba a taɓa yanke musu hukunci a kan komai ba.