Daga Kusugu Zuwa Kongolam: Tarihin Jaruman Ƙasar Hausa da Haƙƙin Mayar da Su Fim

Kongolam gari ne na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi Matamaye da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Iyakar da ta ratsa wurin sabuwa ce idan aka gwada ta da shekarun masarautar Daura, domin Ingila da Faransa ne suka shata ta bisa yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba jama'ar da harshensu ɗaya ne, kuma labarin da suke bayarwa game da asalinsu ɗaya ne. Tarihin wannan labari, da na sauran jaruman da adabin Hausa ya haifa, da dalilin da ya sa ba su sami gurbin da ya dace da su a fim ba, yana da alaƙa da wannan hanya fiye da yadda ake zato.

Labarin shi ne na Bayajidda, wanda ruwayar Daura ta ce ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya sa maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. A rijiyar Kusugu ya kashe macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida tare da Biram, ɗan matar da Bayajidda ya bari a Garun Gabas, suka zama tushen Hausa Bakwai. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya kan ko mutum ne da ya rayu ko kuwa alama ce ta sauyin mulki daga hannun mata zuwa hannun maza, amma wannan jayayya ba ta rage wa labarin komai ba a matsayinsa na abin kallo. Yana da baƙo mai gudun makirci, da dodon da ya addabi gari, da sarauniya mai cikakken iko, da kishi tsakanin Daurama da Bagwariya wadda ta haifa wa Bayajidda Karɓagari, har da Kaura wanda ya yi ƙarfin halin zuwa ya tabbatar da mutuwar macijin lokacin da wasu suka ja da baya. Duk da haka, labarin bai sami fim ɗin da shahararsa ta kai ta labarin kansa ba, ko da yake an fitar da shi cikin labarin zane, wato littafin da ake ba da labari a cikinsa ta jerin hotunan zane masu ɗauke da maganganun mutanen cikin labarin, wanda Claude Opara ya rubuta a 2018.

A Amurka, inda sana'ar labarin zane take da ƙarfi, abin da yake tsare jarumi daga fitowa a fim shi ne yawan masu riƙe da shi. Haƙƙin mayarwa fim, wato izinin da mai littafi yake sayar wa kamfani domin ya juya labarinsa zuwa fim, dukiya ce da ake ciniki a kanta kamar gona. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a 1938 kan dala 130, kuma kamfanin Marvel, wanda ya faɗa fatarar kuɗi a 1996, ya rarraba jarumansa ga kamfanoni daban-daban, X-Men a hannun Fox, Spider-Man a hannun Sony, har ya zama wasu jarumai ba sa iya haɗuwa a fim ɗaya. Black Panther ya fara bayyana a 1966, amma sai a 2018 ya sami fim nasa na kansa, bayan Disney ta sayi Marvel a 2009 kan kimanin dala biliyan 4.

A ƙasar Hausa lamarin ya zo a juye, kuma asalinsa yana komawa ga yadda aka haifi ƙagaggen labari na boko. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubutu, aka sami littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ganɗoki shi ne mafi kusa da abin da ake kira jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam: mayaƙi ne da ya gwabza da Turawa, ya tsallaka ƙasashen gabas, ya yi yaƙi cikin aljanu, kuma kirarinsa da fahariyarsa suna neman muryar ɗan wasa ne tun daga shafin farko. Bayansa sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a 1951, wanda ya tashi gurgu ya zama sadaukin da babu mai karawa da shi, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, wanda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Waɗannan littattafai sun ratsa hannun hukumomin gwamnati, daga Hukumar Talifi zuwa NORLA, sannan kamfanin NNPC na Zariya wanda aka kafa a 1966, kuma an buga su ne domin makarantu, a zamanin da babu wanda yake tunanin cewa wata rana haƙƙin mayar da su fim zai zama abin ciniki. Dokar Najeriya tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, saboda haka Ganɗoki yana ƙarƙashin kariya har 2041, tun da Bello Kagara ya rasu a 1971, ayyukan Imam kuwa har 2051. Mai shirya fim da yake son ɗayansu dole ne ya binciko wa yake da ikon ba shi izini, magada ko mai bugawa, kuma wannan wahala kaɗai ta isa ta mayar da shi ga labarin soyayya da zai ƙaga da kansa.

An yi ƙoƙari, kuma abin lura shi ne kusan duk ƙoƙarin ya jingina da kuɗin hukuma. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976, gidan talabijin na NTA Kaduna kuma ya yi wasan Magana Jari Ce a shekarun 1980. A ɗaya gefen iyakar, Med Hondo ya ɗauki littafin Abdoulaye Mamani game da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa a 1899, ya yi fim ɗin Sarraounia a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a 1987.

Da masana'antar bidiyo ta tashi a Kano da Turmin Danya a 1990, sai ga kasuwar da ba ta buƙatar gwamnati, amma tsarinta bai dace da fim ɗin jarumtaka ba. A wancan lokacin furodusa yakan miƙa uwar kaset ga 'yan kasuwa, ya sayar musu da kwalayen da ake sa kaset a ciki, su kuma su kwafa gwargwadon buƙata, ta yadda ribarsa ta tsaya a kan yawan kwalin da ya sayar a makonnin farko. Kaset da faifan da suka bi ta Kongolam da Jibiya da Maigatari sun kai finafinan Kano ga miliyoyin masu kallo a Damagaram da Maraɗi, amma ikon Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya yana ƙarewa ne a shingen kwastan, domin Nijar tana da hukumarta, kuma tana bin Yarjejeniyar Bangi ta 1977 kan haƙƙin mallaka. Masu kallo sun ƙaru, kuɗin da yake komawa ga mai fim bai ƙaru daidai da su ba. Fim ɗin da yake buƙatar dawaki da sulke da lifidi da ganuwa da macijin da za a ƙera a kwamfuta ba ya yiwuwa a kasuwar da satar fasaha take cinye ribar kafin a mayar da uwar kuɗi, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa waƙa da rawa da rikicin aure suka mamaye fage.

Bayajidda yana da nasa matsayi na daban, tun da ba shi da marubuci. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 1988 ta sanya adabin gargajiya ƙarƙashin kariya, ta kuma ba hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasar ikon bayar da izinin amfani da shi domin kasuwanci, tanadin da ya ci gaba a sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a 2023. A aikace kuwa, fadar Daura ce take riƙe da rijiyar da takobin da ake jingina wa Bayajidda da bikin Sallar Gani, kuma fim ɗin da zai nuna Daurama ba tare da yardar fada ba zai gamu da ƙin jama'a ko da yana da takardar hukuma. Darasin fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a 2021, yana nan: ya sami masu kallo da yawa, amma ya sha suka daga Hausawa kan harshe da sutura da yadda aka juya tarihin Zazzau.

Wani ɗan kudancin Najeriya ya riga ya nuna cewa hanyar tana ɓullewa, domin Roye Okupe ya fara da labarin zane, har da Malika wadda ya gina a kan Sarauniya Amina, kafin labarinsa na Iyanu ya zama fim ɗin zane a 2025. Abin da ya rage a Arewa aiki ne na takarda kafin na kyamara. Ya kamata magadan marubutan farko da masu buga littattafansu su fayyace wanda yake da ikon bayar da izini, Masarautar Daura ta bayyana sharuɗɗanta ga masu son labarin Kusugu, hukumomin haƙƙin mallaka na Najeriya da Nijar kuma su daidaita yadda kuɗin masu kallon Damagaram zai riƙa isa ga mai fim a Kano ko Katsina.