Me ya sa wata waya ke shiga rai, wata kuma ba ta shiga?

Ƙirar kaya ita ce duk shawarar da maƙera suka yanke kafin abu ya iso hannun mai saye: launinsa, nauyinsa, inda aka sa maɓalli, har da irin ƙarar da yake yi idan an taɓa shi. Waɗannan ƙananan abubuwa kan sa mutum ya ƙaunaci kaya ko ya tsane shi tun kafin ya gwada ingancinsa.

An gwada wannan a Japan a shekarar 1995. Masu bincike biyu na kamfanin Hitachi, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, sun nuna wa mutum 252 fuskoki 26 na na'urar cirar kuɗi ta banki. Mutanen sun riƙa ɗaukar wadda ta fi kyan gani a matsayin wadda ta fi sauƙin aiki, ko da ba haka abin yake ba. Noam Tractinsky ya maimaita gwajin a Isra'ila yana zaton al'ada za ta sauya sakamakon, sai ya tarar abin ya ma fi ƙarfi a can.

Ba'amurken masanin nan Donald Norman ya kasa lamarin gida uku a littafinsa Emotional Design na 2004. Akwai abin da ido da hannu ke ji nan take. Akwai daɗi ko takaicin da ake samu wajen aiki da abin yau da gobe. Sai na uku, wanda ya fi daɗewa a zuciya: abin da kayan ke faɗa game da mai shi, da abin da yake tuna masa.

Wayar Nokia 1100 da ta fito a 2003 ta isa misali. Ba ta da kyamara, ba ta da allo mai launi. Amma an yi mata maɓallan da ƙura ba ta shiga, da gefen da ba ya santsi a hannu mai gumi, da batir mai kwanaki, da ƴar tocila a kai. Duk wanda ya zauna a garin da wuta ke zuwa ta tafi ya san darajar wannan tocila, kuma ba banza ba Hausawa suka laƙaba wa ire-irenta suna “raka ni kashi”. An sayar da fiye da miliyan 250, kuma wayar da ta cika wa Nokia biliyan ɗaya a 2005 irin wannan ce, a Najeriya aka saye ta. Har yau masu tuna ta kan yi maganarta kamar ta tsohon aboki.

Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Itel da Infinix, ya taɓo mataki na uku. Shekaru da dama fim ɗin hoto na Kodak da fuskar farar mace ake daidaita launinsa, shi ya sa baƙin mutum kan fito a hoto kamar inuwa, sai haƙora da idanu. Transsion ya daidaita kyamarorinsa da baƙar fata, ya sa gurbin layi biyu ko fiye saboda masu tsallaka iyaka da masu gudun tsadar kira tsakanin kamfanoni, ya kuma shigar da harsuna irin su Hausa da Swahili da Amharik. A 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Arha ta taimaka, babu shakka, amma wayoyi masu arha suna da yawa a kasuwa. Wanda ya ga fuskarsa ta fito sarai a hoton biki yakan ji cewa an tuna da shi lokacin ƙira.

Wannan ilimi dai ana juya shi a kan mai amfani. A 2006 Aza Raskin ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa, wanda ake ta ja da yatsa sabon abu na fitowa, irin wanda Facebook da TikTok ke amfani da shi yanzu. An cire wurin da mutum zai tsaya ya tambayi kansa ko ya ƙoshi. Jan ɗigon da ke sanar da sabon saƙo ma da gangan aka zaɓi launinsa, don ido ba ya iya ƙyale shi. Daga baya Raskin ya fito fili ya ce ya yi nadamar abin da ya ƙirƙira, kuma a 2018 yana cikin waɗanda suka kafa wata cibiya a Amurka mai yaƙi da ƙirar da ke cinye lokacin mutane.