Wasiƙa Daga Kumasi: Yadda Mutanen Zango Suka Zama Baƙi

'Yan uwa da abokan arziki, na Kano da na Zariya da duk inda kuke.  

Wasu daga cikinku sun sha tambayata me ya sa mutanenmu na zango, waɗanda kakannin kakanninsu aka binne a ƙasar Gana, har yanzu wani kan kalle su ya ce musu baƙi. To yau dai na ce bari in ɗan warware abin da na fahimta, don maganar tana da tushe mai nisa.

Goro ne ya fara kawo mu. Fatake suna tasowa daga ƙasar Hausa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga a ƙasar Gwanja, inda Tonawa, wato Asante, suke kawo goro. A nan ake haɗuwa a yi ciniki, kowa ya koma inda ya fito. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante a arewa ya karye. Sai kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka watse, wasu Kete Krachi, wasu Kintampo, wasu Ankara, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934.

Amma akwai wani abu da mu ba mu cika faɗa ba. Sojan da Bature ya yi amfani da su wajen yaƙar Asante, sunan da aka ba su shi ne sojan Hausa, ko da yake da yawansu ba Hausawa ba ne, harshen ne kawai ya haɗa su. Su ne a 1874, su ne kuma a cikin ganuwar Bature ta Kumasi lokacin yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Saboda haka shi mutumin Asante, zango a idonsa unguwa ce da ta bunƙasa a inuwar wanda ya ci ƙasarsa. Mu kuwa muna ganin kanmu 'yan kasuwa da malamai waɗanda ba su tare wa kowa komai ba.

Ga kuma bambancin al'ada, wanda a ganina shi ne ainihin inda aka kasa fahimtar juna. A wurinmu, inda mutum ya gina gida, ya yi aure, ya haifu, ya yi masallaci, nan ne garinsa. Kano kanta cike take da zuriyar Barebari da Nufawa da Larabawa waɗanda suka zama Kanawa. A wurin Asante ba haka ba ne. Dangi ta wajen uwa ake bi, ƙasa kuma ta kujerar sarauta ce. In ba ka da dangin uwa a gari, ko shekara ɗari zuriyarka ta yi, aron wuri aka ba ku. Su ba zagi suke nufi ba in sun ce baƙo, mu kuwa zagi muke ji. Sannan a bakinsu duk mai riga da hula Bahaushe ne, ko Mosi ne, ko Bazabarme, ko Dagomba wanda shi ɗan Gana ne gaba da baya.

Da siyasa ta shigo sai abin ya yi muni. A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori shugabannin Musulmin Kumasi biyu da ke ɓangaren adawa, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya. Sun je kotu sun ce su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe shari'ar.

Babbar masifar ita ce ta 18 ga Nuwamba 1969, ranar da gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Wa yake da takarda a lokacin? Mutanen da suka shigo tun kafin a san fasfo? Dubban ɗaruruwa suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo. Aka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, aka raba mata da miji, yaran da ba su taɓa ganin Nijeriya ba aka loda su a mota zuwa ƙasar da take cikin yaƙin basasa. Gonakin koko kuma suka rasa leburori. Har yanzu tsofaffi a zango in za su ƙirga shekaru sukan ce kafin Busiya ko bayan Busiya.

Ku kuma a gida kada ku yi saurin jin haushi. Ranar 17 ga Janairu 1983, ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Wajen mutum miliyan biyu suka tashi, kusan rabinsu 'yan Gana. Suka tarar Rawlings ya rufe iyakarsa tun watan Satumba na 1982, suka yi ta kwana a fili a kan iyakokin Benin da Togo kafin a buɗe. Waɗanda suka isa gida suka iske fari da gobarar daji da yunwa. Jakar nan mai ratsi-ratsi da kuke zuba kaya a ciki, daga wannan tafiya ta samo sunanta. A 1985 gwamnatin Buhari ta sake yin wata korar.

A gaida su Hajiya da su Baba, a shafa min kan yara. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.