Hasken akwatin kifi mai tsirrai

Hasken akwatin kifi mai tsirrai shi ne fitilar da ake ɗorawa a saman akwatin gilashi na ruwan daɗi wanda aka dasa tsirrai masu rai a cikinsa. Tsirran suna haɗa abincinsu ne da haske da iskar kabon dayoksaid. Idan haske ya yi kaɗan sai su ƙi girma, ganyensu ya koɗe. Idan ya yi yawa kuma, gansakuka ce ke cin riba, ta rufe gilashi da ganye.

Ƙarfi da launi

Tsirrai na amfani da hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, musamman ja da shuɗi. Ana auna launin fitila da ma'aunin Kelvin, kuma masu kiwo sun fi zaɓen mai kusan 6,500 saboda kamanninsa da hasken rana. Haske na raguwa gwargwadon zurfin ruwa, don haka akwati mai zurfi ya fi buƙatar fitila mai ƙarfi.

Ire-iren fitilu

A da, dogon ƙwan lantarki nau'in T8 da T5 aka fi amfani da shi. Yanzu fitilar LED ta maye gurbinsa, domin ba ta shan wuta sosai, ba ta zafi kamarsa, kuma ta fi daɗewa. Wannan ya sa tsohon lissafin wat nawa a kowace lita bai cika aiki ba.

Bukatun tsirrai

Irin shukar da aka dasa ne ke nuna irin fitilar da za a saya. Anubias barteri, wadda ke fitowa a dazukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, tana rayuwa da ɗan haske, domin a inuwa take tsirowa. An raɗa mata sunan Charles Barter, masanin tsirrai ɗan Birtaniya da ya rasu a Rabba, bakin kogin Neja, a 1859. Tsirrai masu jan ganye da masu shimfiɗuwa a ƙasa kamar darduma, irin waɗanda Takashi Amano na Japan (1954–2015) ya shahara da su, suna son haske mai ƙarfi tare da ƙarin kabon dayoksaid da taki.

Tsawon lokaci

Yawanci ana kunna fitila awa 6 zuwa 8 a rana, a lokaci ɗaya kullum. Ba a ajiye akwati inda rana ke dukansa kai tsaye, saboda tana ɗumama ruwa tana haddasa gansakuka.

A Arewacin Najeriya

A garuruwa irin su Zariya, Makarfi, Ikara da Kudan, zafin bazara da yawan ɗauke wuta su ne manyan matsaloli. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi sun fi son ruwa mai digiri 24 zuwa 28, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Saboda haka fitilar LED da ƙaramin batirin sola zai iya ɗauka, tare da tsirrai masu jure ƙarancin haske, ta fi dacewa da yankin.