YYDS

YYDS taƙaitaccen kirari ne da masu amfani da intanet a ƙasar Sin ke rubutawa idan za su kambama mutum ko wani abu. Haruffan huɗu su ne farkon gaɓoɓin "yong yuan de shen", jimlar Sinanci da aka rubuta da boko bisa tsarin pinyin. A zahiri tana nufin "abin bauta na har abada", sai dai ba ibada ake nufi ba: a bakin matasan Sin, "shen" gwani ne da ya gagari kowa a fanninsa.

Kalmar ta fito ne daga fagen gasar wasannin kwamfuta. Wani mai watsa shiri kai tsaye, Shan Ni Ruo, ya yi amfani da jimlar wajen wasa Jian Zihao, ɗan wasan League of Legends da aka fi sani da Uzi, 'yan kallo kuwa suka ɗauka suka gajarta ta. Ta shiga bakin kowa a lokacin gasar Olimfik ta Tokiyo a 2021, musamman da Su Bingtian ya yi tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.83 a zagayen kusa da na ƙarshe, ya kafa sabon tarihi a nahiyar Asiya. A ƙarshen shekarar, cibiyar ƙasa mai bin diddigin harshe ta sa YYDS cikin kalmomin intanet goma da suka fi tashe.

Daga nan kirarin ya yi arha. Abin da aka ƙirƙira don zakara ya koma kan kwanon taliya, kofin shayi da sabuwar waya, har ya zama ba ya wuce "ya yi daɗi".

Kalmar tana da 'yan'uwa. Akwai 666, domin "liu", wato shida, ta yi kama da kalmar da ke nufin ƙwarewa. Akwai kuma "caihongpi", tusar bakan gizo, wato zugar da masoya ke yi wa tauraronsu, wanda ko tusa ya yi sai su ce bakan gizo ne. Sunan kansa ba'a ce, masu yi sun san sun wuce gona da iri.

Masu suka na cewa irin waɗannan kalmomi na rage wa yara yalwar harshe. A Oktoban 2024, hukumar kula da intanet ta Sin da ma'aikatar ilimi suka ƙaddamar da gangamin daidaita rubutu a intanet, wanda ya shafi gajartattun kalmomi da wasa da sauti.