Ƴan Haruffan Da Suka Riƙe Asalin Harshen Istoniya

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, zan kai ku Istoniya, wata ƴar ƙasa a arewacin Turai wadda masu jin harshenta ba su wuce miliyan ɗaya da ƴan kai ba.

Tun ƙarni na 13 Jamusawa suka mamaye ƙasar, su ne masu gonaki, su ne limaman coci, ƴan ƙasa kuwa talakawan gona. Da Heinrich Stahl ya rubuta nahawun harshen na farko a 1637, da Jamusanci ya rubuta, kuma a ma'aunin Jamusanci ya auna shi. To amma jama'a, bayanau kaɗai ya isa ya nuna harsunan biyu ba tsatsonsu ɗaya ba.

Bajamushe kan ɗauki sifa yadda take ya yi bayanau da ita: schnell na nufin mai sauri, kuma na nufin da sauri. Mutumin Istoniya sai ya liƙa ɗafa-ƙeya. Daga kiire, mai sauri, ake samun kiiresti, da sauri. Daga ilus, kyakkyawa, ake samun ilusasti. Wannan -sti ɗin yana nan a harshen Finlan, inda ake cewa kiireesti.

Akwai kuma -lt, wanda asalinsa yana cikin siffofi 14 da suna ke juyawa a harshen, ma'anarsa "daga kan". Laualt shi ne daga kan tebur, amma kiirelt ya koma da sauri. Sai -ti mai nuna maimaici: õhtuti, kowace yamma. Sai -kesi: kahekesi, su biyu tare. Põlv gwiwa ce, põlvili kuwa a durƙushe.

Wanda ya bi wannan zumunta da gaske shi ne Eduard Ahrens, limamin cocin Kuusalu. A nahawunsa na 1843 ya kawo shawarar a bar tsarin rubutun Jamusanci a ɗauki irin na Finlan, kuma a kan wannan tsarin aka gina rubutun da ake yi har gobe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, shekaru ɗaruruwa harshen na aron kalmomi daga Jamusanci, amma waɗannan ƴan haruffa na ƙarshen kalma suka zauna daram a bakin manoma. Marubutanmu, a riƙa lura da irinsu a namu harshen. Allah Ya sa mu dace, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.